Cittar Ado a Tudun Doya

Kawu Irimiya, ƙanen mahaifiyarmu, mutum ne da ƙafarsa ba ta san hutu ba. Kafin ya cika shekara talatin ya yi lebura a tashar jirgin ƙasa, ya yi yaron mota a hanyar Zungeru, ya koyi kafinta wata huɗu ya watsar. Noman doya ne kaɗai bai bar hannunsa ba, don a gidan manoma aka haife shi a Ketaren Gwari, tun yana goye ake kai shi gona.

A 1977, Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, gidajen manyan ma'aikata suna ta tsirowa, kowa na neman mai kula masa da fure. Kawu ya samu aikin lambu a gidan wata babbar malamar asibiti, Madam Christiana, aka haɗa masa da ɗaki ɗaya a bayan gida. Matarsa Helen tana da ciki a lokacin. Ranar da suka tare, ta dire tukwanenta ta ce, "Maigida, ka ji ni da kyau. A ɗakin nan zan haihu. In ƙafarka ta fara ƙaiƙayi, ka sosa ta a nan."

Cikin shuke-shuken Madam akwai wadda take ji da ita, cittar ado. Saiwarta sak ta cittar miya, amma ba a cin ta, don farin furenta mai ƙamshi ake ajiye ta. Daga gidan marigayiya mahaifiyarta a kudu ta taho da ita. Ta yi shekaru a gindin mangwaro har ta cunkushe, ta daina fure. A watan Maris aka tura Madam kwas Kaduna na wata uku. Tana shirin shiga mota ta kira shi.

"Irimiya, in ruwa ya zauna ka tone ta, ka raba saiwar, ka sake dasawa. Ita kaɗai ta rage mini daga Mama. In ta mutu, ni da kai mun rabu."

"Haba Madam, ni da na tashi cikin doya? Je ki abinki."

Jiran ruwan ne ya gagare shi. Ya share gida, ya sake sharewa, ya ɗaga kai ya ga sama fes. A wajensu ai doya ba ta jiran damina, ana binne ta ne ruwa ya zo ya same ta. Kwana shida da tafiyar Madam ya ɗauko garma. Ya tumɓuke cittar gaba ɗaya, ya sare ganyen, ya yanka saiwar gunduwa-gunduwa kamar irin doya, ya shafe su da toka, ya shanya a rana kwana uku. Sannan ya zaɓi fili mafi rana a gidan ya tayar da tudu ashirin da biyu, kowanne ya kai gwiwa. Ya binne su can ciki, ya ɗora wa kowane tudu hular ciyawa.

Helen ta leƙo ta riƙe ƙugu. "To, saura sanduna da turmi. Yaushe za mu ci sakwarar fure?"

"Ke dai ki zuba ido."

Ta zuba ido, shi ma ya zuba. Mako uku shiru. Kullum sai ya zagaya tudun nan sau ba adadi, ya tsuguna, ya miƙe, ya koma. Da ruwan farko ya sauka har aka kwana biyar bai ga tsiro ba, ya cusa hannu ya tono guda. Ta bushe ƙayau kamar ƙashi. Ya tono ta biyu, ta uku, har ta ashirin da biyu. Duk sun tafi.

Washegari da hantsi Helen ta same shi yana ɗaure kayansa a zani. Wai ya ji ana ɗaukar leburori a Kontagora.

"Kontagora! Ni kuma in haihu a bayan tifa? Ka kashe wa mace abin uwarta, ka tsaya ka dube ta ido da ido mana." Ta fizge zanin ta zauna a kai.

Ya fita yana huci, ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗau tsintsiya ya nufi gindin mangwaron, inda ruwan famfo ke gangarowa. A nan ya gan su. Wasu 'yan tsinkaye kore, guda huɗu, sun ɓullo daga guntun saiwar da garma ta tsallake. Ya sa yatsa ya tona a hankali. Saiwar tana kwance ne dab da saman ƙasa, cikin inuwa da danshi, ba wanda ya taɓa ta.

Ya so ya raba ta nan take, ya samu abin nuna wa Madam. Ya kai wuƙa ya janye. Sai da ruwa ya zauna sosai, tsiron ya kai kamu guda, ya ɗaga ta da ƙasarta, ya tsaga gida biyu, kowane ɓangare da tsironsa da jijiyarsa, ya mayar nan take, ƙasa ba ta wuce yatsa biyu a kansu ba.

Madam ta dawo a watan Yuni. Kafin ta tambaya ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ta daɗe tana kallon tudun nan, sannan ta je ta tsuguna gaban 'yan shukar biyu, ta shafa ganyen.

"Irimiya, ka yi mini ɓarna."

"Na yi, Madam."

"Amma tana da rai. Kada ka ƙara taɓa ta sai ina tsaye."

Shekara goma sha huɗu ya yi a gidan. Bayan Madam ta yi ritaya ya kafa ɗan lambu a bakin titin Bosso, yana raba citta duk farkon damina yana sayarwa. In manomi ya zo saye, sai Kawu ya riƙe shukar ya ƙi saki, ya tambaye shi ko akwai inuwa a gidansa. In babu, ya ce masa ya je ya dasa bishiya tukuna.