Akwatin da Ya Ƙi Karɓar Harshe Biyu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Kano daga Zariya, ni da abokiyar aikina. Kayanmu ba yawa: kwamfuta, wayoyin haɗi, da manhajar da muka daɗe muna ginawa don adana tsofaffin waƙoƙi da labarai a intanet. A buɗe muka bar ta, kowa na iya ɗauka kyauta, ya gyara yadda ya ga dama. Ni kuwa ina ji da ita kamar ɗan fari.

Kuɗin mota ya tashi, direba ya ɗora laifin a kan mai, mu kuma muka biya muna gunaguni. A Kwanar Dangora muka karya da ƙosai mai zafi. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka sauka a Unguwa Uku, muka tari Adaidaita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, wurin wani mai gyaran rediyo da ya yi alkawarin ara mana rikoda mai cin kaset. Ya hure mata ƙura, ya miƙo, yana yi mana kallon masu neman abin da duniya ta yar.

Tarauni muka nufa, gidan wata tsohuwar malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, wadda kowa a layin ke kira Mama. Ta tare mu da kunun gyaɗa, sannan ta fito da kaset ɗin marigayi mahaifinta, mai waƙoƙin noma. Zaren ya yi laushi har ina tsoron taɓa shi. Burinta ɗaya ne: jikokinta da aka haifa a Kano, waɗanda Hausa kawai suke ji, su sami muryar kakan iyayensu, dangi na gida ma su same ta.

Rikoda ta yi mana halacci, muryar ta shiga kwamfuta lafiya. Sai muka zo akwatin da ake zaɓar harshen waƙa. Ni na tsara shi, kuma harshe ɗaya yake karɓa. Tsohon kuwa yakan fara baiti da yarensu ya ƙarasa da Hausa. In muka sa Hausa, mai nema da yaren ba zai gan ta ba. In muka sa yaren, jikokin sun rasa.

Na ce, "Mama, wanne za mu sa?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ɗalibanta suka sha. "Ɗana, shi da ya yi waƙar bai zaɓa ba. Ni ce zan zaɓa masa bayan ransa?"

Kunya ta kama ni sosai. Na fara kame-kamen bayanin yadda aka gina rumbun ajiyar manhajar, abokiyar aikina ta janye kwamfutar daga gabana, ta kama gyaran akwatin. Aikin ya ci mu har la'asar, domin gyara akwatin ya taɓa wurin bincike, shi ma sai da aka warware shi aka sake ɗinkewa. Mama ba ta ƙosa ba. Tuwon masara ma ta tuƙa mana da miyar karkashi.

Da aka gama, ta rubuta wata kalma ta yarensu, waƙar ta fito. Jikarta, wadda ta dawo daga aiki, ta rubuta "gero", waƙar ta sake fitowa. Suka zauna suna saurare. Da baitin ya juya zuwa yaren, jikar ta ce, "Mama, me ya ce a nan?" Mama ta share ido da gefen zaninta, ta fara fassara mata.

Mun mayar da rikoda a Gyaɗi-Gyaɗi, muka iso Zariya ana kiran isha'i. Gyaran yana nan a buɗe ga duk wanda ya ɗauki manhajar. Abin da na koyo shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ba daga kan tebur a Zariya zan san yadda mutane ke waƙa ba. Yanzu kafin in yanka wa abu akwati, sai na je na ji shi daga bakin masu shi.