Barkonon Auta a Barandar Umma

A unguwar Borokiri ta Fatakwal muka tashi, a gidan haya mai 'yar baranda da ke kallon bakin ruwa. Baba albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 3, mahaifiyarmu kuma, da muke kira Umma, tana ɗinkin hula a gida. Shekarar da autarmu ta shiga ajin ƙarshe a jami'a, inda take karanta ilimin tsirrai, barandar nan ta tashi daga tamu ta koma ta barkono.

A kan okada ta riƙa jido tsofaffin robobin fenti. Ta huda gindinsu, ta cika su da ƙasa, ta shuka barkono iri biyu: na nan Fatakwal, da wanda kawunmu ya aiko daga arewa a motar albasa. Barandar ta zaɓa don ruwan sama ba ya kaiwa wurin. Wasu robobin za su sha su ƙoshi, wasu ɗan kaɗan, wasu kuma ruwan da aka zuba wa gishiri. Ta ce so take ta ga wanda zai jure, tunda gishiri na cin gonakin bakin teku, fari kuma na cin na arewa.

Umma ta ajiye allura ta dube ta. "Wato da gangan za ki sa musu ƙishirwa?"

"Bincike ne, Umma."

"To, Allah ya kyauta."

Da tafiya ta yi nisa, sai Auta ta fara murna. Waɗanda take hana wa ruwa sun yi kore shar, ba su da maraba da masu ƙoshi. Wata rana muna cin abincin rana ta ce lallai ta dace da iri mai ban mamaki, gobe za ta sanar da malaminta. Umma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kwano.

"Auta, kada ki je ki ji kunya. Ni nake ba su."

"Ba su me?"

"Ruwa mana. In kin tafi makaranta. Ina alwala a gabansu, ganyensu ya yi yaushi, sai ka ce kallona suke. Ni dai ba zan iya ba."

Auta ta fashe da kuka, don aikin watanni ne ya rushe. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina har na fice tsakar gida. Da na dawo na tarar ta share hawaye, ta tsinko ganye tana nuna wa Umma bayansa. Ta ce akwai 'yan ƙofofi a nan da ido ba ya gani. In tsiro ya ji ƙishi sai ya rufe su, ya tara wasu sinadarai masu kama da sukari a jikinsa don ya riƙe ɗan ruwan da ya rage.

"In kika ba su ruwa, Umma, ba za su nuna min abin da suka iya ba."

Umma ta daɗe tana jujjuya ganyen. Sannan ta tashi ta ɗauko tsohon zane ta ɗaure shi a tsakiyar barandar. Ta ce masu ƙoshi a bar mata su a wannan gefe, masu azumi kuma a kai su bayan zane inda ba za ta gan su ba.

Haka aka sake shuka daga farko. Umma ta cika alkawari, sai dai kullum in Auta ta leƙa bayan zanen sai ta tambaye ta, "Yaya masu jiki?"

Gishiri ya kashe mafi yawan waɗanda suka sha shi. A cikin masu ƙishi, ɗan arewa ne ya fi riƙe ganye. 'Ya'yansa ƙanana, amma da aka auna a makaranta sinadarin yajinsa ya fi na sauran. Ranar da Auta ta gama ɗibar ganye da 'ya'yan da take buƙata, ita da kanta ta kwance zanen, ta cika buta ta miƙa wa Umma. Umma ta bi robobin ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu, har da waɗanda suka riga suka bushe. Ba wanda ya hana ta.