Tatsuniyar da Kaka Ba Ta Rufe Ba

A gidanmu na Koki, da an idar da sallar isha'i, bakin murhun Kaka Falmata muke tarewa. Mutuniyar Barno ce, ta fi babana daɗewa a Kano, amma Barbarci bai taɓa sakin harshenta ba. Ni take kira maigidanta, wai ragon miji, ko cefane ba na yi.

Shekarar da tari ya kama ta ne Baba ya kawo mana ɗan kunkuru, bai fi tafin hannuna ba. Bai daɗe ba taɓarya ta faɗo masa, ƙoƙon bayansa ya tsage. Ya shige ciki, ya ƙi fitowa, ya ƙi ci. Na yi kuka kamar raina zai fita. Kaka ta shafa masa man kaɗanya, ta ɗaure shi da tsumma, ta sa shi a ƙwarya kusa da ɗumin wuta, da ganyen yakuwa a gabansa.

Ranar ta ɗauko wata sabuwar tatsuniya. Wai ɗan kunkuru ne ya ji ciwo, uwarsa ta tafi neman magani, ta ce kada ya fito da kai sai ya ji muryarta. Gizo ya zo ya kwaikwayi muryar, ya ƙi. Kura ta zo da daɗin baki, ya ƙi. Nan tari ya sarƙe Kaka, ta ce mu je mu kwanta.

Na ce, "Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba!"

Ta ce, "Haba maigida, ana rufe tatsuniya da majinyaci a kwance? Uwar tana hanya."

Haka muka yi ta yi. Kullum da sabon mayaudari a tatsuniyar, kullum muryar Kaka tana ƙara dusashewa, ni kuwa hankalina yana kan ƙwarya. Wata safiya na tarar ɗan kunkurun ya miƙo wuya yana yagar yakuwa. Na ruga ɗakinta in yi mata albishir, na iske Innata tana salati, an ja wa Kaka mayafi har ka.

Kunkurun yana nan, yaro ba ya iya ɗaga shi yanzu, tabon yana bayansa. Da ina jin haushin ta tafi ba ta ƙarasa mana ba. Sai da na yi jinyar nawa 'ya'yan na gane ba mantuwa ta yi ba: mai jinya ba ya yanke ƙauna da bakinsa. Har yau ina kewarta.

Jiya na yi wa 'yata tatsuniyar. Ta ce, "Baba, to uwar ta dawo?"

Na ce, "Tana hanya."