Kifin da Kawu Ya Ƙi Ci a Manfuha

Ni ɗan tsibiri ne. A tsakiyar Kogin Kwara aka haife ni, a wani tudu da ruwa ya kewaye, wanda tun zamanin kakanninmu ya rabu biyu. Mu manoma muna gabas, masunta suna yamma. Fadamar da ke tsakani ce ta haɗa rigimar, aka ƙona rumbuna, aka rasa rai. Daga nan kowa ya gina masallacinsa, ya kafa kasuwarsa. Na girma ban taɓa gaisawa da mutumin yamma ba.

Sai a Riyad na yi. Ina aiki a wata masana'antar robobi a Birnin Masana'antu na Biyu, muna kwana a unguwar Manfuha tare da mutanen Maradi da Damagaram. Wata rana aka kawo sabon direban motar ma'aikata, aka ba shi katifar da ke kusa da tawa. Daga yadda yake jan magana na gane ɗan bakin kogi ne. Da muka bi salsala, sai ga shi ɗan yammacin tsibirinmu. Sai ya ce, "To, ɗan'uwa, nan dai babu fadama." Muka yi dariya. Shi ya yi ta zirga-zirga da ni lokacin da iƙamata, takardar izinin zamana, ta sami matsala, shi ya zauna a kaina da na yi zazzaɓi.

A shekarar aka fara zaman sulhu a gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne bakin mutanen gabas. Mutum ne mai iya magana. Aka turo mini bidiyonsa yana cewa jinin gabas da na yamma ɗaya ne, ruwa ɗaya muke sha. Na yi ta nuna wa mutanen ɗakinmu, ina cewa ga kawuna, ku ji hankali.

Da Kawu ya zo umara ya gama, ya ce zai biyo ya gan ni. Abokina direban ya ari mota muka tarbe shi a filin jirgi. Hanya duk raha suka yi, Kawu yana tambayar sunan kowace gada, abokina yana ba shi amsa da "Baba". Ban faɗi ko shi ɗan ina ne ba. Ban ga dalili ba. A zatona mai sulhu murna zai yi.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka shimfiɗa leda a tsakar ɗaki. Tun safe abokina yake kicin. Ya fito da busasshen kifin da matarsa ta aiko masa, wanda yake ɓoyewa a ƙarƙashin akwati, ya yi miya irin ta gida, ya tuƙa tuwon shinkafa. Kawu ya kai loma ɗaya ya lumshe ido.

"Kai! Wannan hannun bakin kogi ne. Yaro, ɗan wane gari ne kai?"

Abokina ya faɗi sunan tsibirinmu yana murmushi.

"Gidan wa?"

Ya faɗi sunan mahaifinsa.

Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa a gefen faranti. Ya jawo kwanon wanke hannu, ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Babban ɗakinmu, wani dattijo ɗan Maradi, ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ka fara ba."

"Ba na cin abincinsu," in ji Kawu. Bai ɗaga murya ba.

Ban san inda zan sa idona ba. Waɗannan mutane su ne na dame su da bidiyonsa. Wani ɗan Damagaram, da nufin ya sassauta zaman, ya tambayi girman tsibirin. Kawu ya kwatanta masa da gaske, daga wannan baki zuwa wancan. Mutumin ya ce, "Ashe bai kai unguwar nan ba," wasu suka ƙyalƙyale. Wannan dariyar ta fi komai ƙona ni. Na ji kunyar Kawu, na ji kunyar garinmu, na kuma ji kunyar cewa ina jin kunyar wanda ya goya ni a kafaɗa ina ƙarami.

Abokina ya tashi ya sauka ƙasa, ya sayo kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, a shagon wani Bayamane, ya miƙa mini a bakin ƙofa. "Kai ka ba shi. Kada tsoho ya wuni da yunwa." Kawu ya ci. Sauran muka ci kifin, ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da ranar tafiya ta zo na ce zan nemi tasi. Abokina ya ce ba za a yi haka ba, shi ya ɗauko baƙo, shi zai mayar. Muka kama hanyar filin jirgi. Mun yi nisa kafin na kasa daurewa.

"Kawu, ba kai ka ce jininmu ɗaya ba?"

Ya kalli taga. "Na ce, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ka san mutanenmu. Ranar da aka ji na ci tuwon gidansu a Saudiyya, za a ce an saye ni. Su ɗaga ni daga kan tabarmar sulhu, su zaunar da wanda ba ya son a shirya ko kaɗan. A ɗakinku kowa da waya a hannu."

Ban sani ba ko iyakar dalilin ke nan. Yadda ya wanke hannun nan bai yi mini kama da dabara kaɗai ba.

Abokina ya dube shi ta madubi. "Baba, daga bakina babu wanda zai ji. Ni ma mahaifina bai san da ɗanku nake kwana ɗaki ɗaya ba."

Kawu ya juyo gare ni. "Kai fa? Uwarka ta sani?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta sani ba.

A bakin filin jirgi abokina ya sauke masa jaka. Kawu ya ce, "Allah ya yi maka albarka," amma bai miƙa hannu ba.

Sulhun ya ja lokaci. Abin da aka samu a ƙarshe shi ne a riƙa cin kasuwa ɗaya ranar Laraba. Fadama kuwa aka ce sai wani zaman, har yau ba a yi ba.

Da muka sami hutu, jirgin sama ɗaya muka hau ni da abokina, mota ɗaya ta kai mu bakin kogi. Muna sauka na hango 'yan'uwana sun zo tarbata, shi ma nasa suna can gefe da kwalekwalensu. Kayanmu a ɗaure suke da igiya ɗaya. Muka durƙusa muka kwance, kowa ya ja nasa, ba mu dubi juna ba. Ƙanena ya tambaye ni wane ne wannan, sai shi abokina ya riga ni amsawa, ya ce a mota muka haɗu.