Daga Kurmi Zuwa Kurmi

Shekara talatin ina sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi: jakunkuna, matasai, takalma. A kan tire na fara, har na yi rumfa. Turawa masu yawon buɗe ido su ne cinikina. Da suka ɗauke ƙafa, sai in wuni babu mai tayawa. Wani mai sayar da cajar waya ya fara zagaya rumfata yana auna ta da ido.

Wani direban motar goro ne ya ce mini, "Alhaji, Turawanka suna kurmi, amma ba wannan ba, na kudu. Akwai masauki a tsakiyar daji, can suke kwana suna kallon birai."

Na kwashe duk abin da ya rage. Na shafe kayan da man gyaɗa kamar yadda muka saba, kada fata ta bushe ta tsage, na ƙulle a leda. Kwana biyu muna hanya.

Masaukin ɗakunan katako ne a kan dirkoki. Itatuwa sun rufe sama, ruwa kullum. Rigar da na wanke ranar da na sauka ba ta bushe ba har na taho. Matar da ke riƙe da wurin a Sabon Gari ta girma, Hausa a bakinta. Ta ce baƙi sai Asabar. Ta zagaya da ni, ta nuna inda za a ƙara ɗakuna in an gyara hanya. Na ga kasuwa a wurin, ba ƙarya.

Kwana biyar ban kwance kayan ba, wai ina tsare su daga lema. Asabar da safe na buɗe. Fumfuna ta cinye su, fara da koriya, kamar tuwon da aka manta a kwano.

Matar ta toshe hanci. "Alhaji, a nan fata iska take so. Wa ya ce ka sa mata mai?"

"Kano ce ta ce, Madam."

Na hau goge kayan da tsumma. Tsumma ya ƙare, na ci gaba da gogewa da hulata. Ina gogewa tabo na fitowa. Baƙin suka iso, wata ta ɗaga jaka, ta shinshina, ta ajiye, ta yi mini murmushi. Babu abin da ya shiga.

Da na dawo, ban bari mai caja ya ƙara zagaye ba. Na kira shi, na miƙa masa makullin rumfa. Tiren nan yana ɗaki tun na farko, ban taɓa yar da shi ba. Washegari na ɗauko shi na fita talla Jakara, nan gefen kasuwa.