Jar ledar da na ɗaura a Kufena

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Tudun Wada, mu mata tara a keke-napep biyu, a matse kamar ashana. Na riga na gaya musu ba na jiran kowa, ba wadda ta makara kuwa. Wannan ne zuwanmu na uku Dutsen Kufena. Rabinmu likita ne ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini da suga, a unguwa kuma in acaɓa bai ture ka ba kwata za ta tare ka. Hanyar dutsen nan ce kaɗai muka samu mai iska, ba hon ba hayaƙi.

Titin ba laifi sai bayan Wusasa, inda ramuka suka fi kwalta yawa. Can muka sayi koko da ƙosai. Ƙosan bana sai da tabarau ake ganinsa, kuɗin kuwa ya girma abinsa.

A zuwanmu na farko mun ɓata, muka yi ta zagaya dutse ɗaya kamar masu neman akuya. Shi ya sa a na biyu na yayyanka jar leda, na ɗaɗɗaura a reshe a duk inda hanya ta rabu. Na yi ta cika baki da dabarar nan sati guda.

Muna isa gindin dutse muka tarar an gitta ƙaya a bakin hanya. Wani dattijo Bafulatani na zaune a gefe da sandarsa. Shi makiyaya da manoma da mata masu itace suka ɗora wa kula da hanyar. Ya ɗaga guntun jar leda ya ce, "Wace ce mai wannan aikin?"

"Ni ce, Baffa," na ce, har ina gyara tsayuwa, ina jiran yabo.

"To maraƙina ya cinye aikinki."

Ya ce cikin maraƙin ya kumbura, dole aka yanka shi, a tumbinsa aka ga ledar. Mutanen wurin suka zauna suka yanke cewa 'yan birni sun gama hawa ta nan.

Na buɗe baki zan ce ai dutse na kowa ne, Hajiya, babbarmu, ta take min ƙafa. Ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo ta gaishe shi, ta yi masa jaje, ta kawo zancen biya. Ya ce ba wannan ya zaunar da shi ba, sauran shanunsa yake ji. Madam, maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai shago, ta ce, "Baba, yarinyar tana da hankali, shi ne dai yake zuwa a makare." Har shi sai da ya murmusa.

Na kalli Hajiya. Matar nan da can daga ɗaki zuwa ƙofar gida haki take, yanzu ita ke tashe mu ranar Asabar, ga shi ni na rufe mata hanya da hannuna. Na ce, "Baffa, ba ni lokaci zuwa rana tsaka. Ni na ɗaura, ni zan kwance. In ka ga ko ɗaya, ka mayar da ƙayarka." Ya ce mu raɓa ta gefen ƙayar mu wuce, sannan ya kira wata Inna da za ta hau yin itace ya ce ta zame masa ido.

Hanyar siririya ce, amma kowa na da rabo a cikinta: shanu, masu itace, ɗalibai masu gudu don motsa jiki, daga ƙasa-ƙasa har da babura ɗauke da buhuna. Inna ta ce mai kaya a ka ba a tsayar da ita da doguwar gaisuwa, kaucewa ake. In shanu suka taho, ka hau gefen tudu, kada ka tsaya ta gangare. A mararraba ta farko ta nuna min duwatsu uku an ɗora su kan juna. Alamar hanya ke nan, tun zamanin iyayensu. Kowace mararraba akwai su. Na tuna ma na taɓa shure wasu da ƙafa ina cewa wasan yara ne.

Ƙullin da na yi kuwa kamar ina fushi da itatuwan. Ƙaya ta yaga min hannu, farce ya karye, ban tsaya ba. Sauran suka bi bayana da buhu suna tsince ledar ruwa da ta biskit, tamu da ta wasu. Da muka kai ƙoli, Zariya gaba ɗaya na shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano na walƙiya, hasumiyoyi kamar allurai. Hajiya ba ta taɓa kaiwa nan ba sai ranar. Ta riƙe ƙugu ta rangaɗa guɗa, Madam ta taya ta da rawa.

Kafin rana tsaka na dire buhun gaban Baffa. Ya tona da sanda, ya dubi Inna.

"Ba ta bar ko ɗaya ba," in ji Inna. "Bakinta ne dai ba ya hutawa."

Ya sa sanda ya janye ƙayar. Ya ce tunda Allah ya ba ni baki, duk ɗan birnin da zai hau ranar Asabar ni zan faɗa masa dokar hanya: ruwa a gora, leda a buhu, kada a taɓa duwatsu. Matarsa ta dama mana fura da nono mai sanyin ƙwarya, irin wadda ba a samu a cikin gari.

Ana kiran azahar muka sauka a Tudun Wada, ƙafafu sun yi tsami, hannuna duk ƙarce, amma hanya tana buɗe, ni kuma na dawo da muƙami. Na koyi cewa kafin in ce zan gyara wuri, in tambayi masu binsa kullum me suka riga suka yi. Hajiya ta ce saura in koyi yin shiru. Na ce mata ta yi haƙuri, dutse ɗaya ake hawa a rana.