Idirisa Minti Saba'in

A Sabon Garin Maraɗi in ka ce Idirisa, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Minti Saba'in, har tsohuwa mai ƙosai za ta nuna maka gidansa. Ɗan kabu-kabu ne, shekara goma sha takwas yana kafa motonsa, wato babur, a bakin filin jirgi, ni kuma maƙwabcinsa ne, don haka kunnena ya sha karatu. Mutumin da tafiyarsa mafi nisa ita ce Tibiri, nan kusa da gari, shi ne malaminmu na sararin sama.

Duk wanda tsautsayi ya ɗora bayansa sai ya biya da kunne. "Yamai a mota wuni guda ne, kilomita ɗari shida da wani abu. A jirgi ko, minti saba'in. Kahin tuwo shi nuna ka sabka." Bai taɓa leƙa cikin jirgi ba, amma haka yake faɗa kamar shi ya auna da igiya.

Abu ɗaya ke cin ransa, ya kuwa faɗa mini ba sau ɗaya ba: kullum baƙin wasu yake kwasa. Yana so ko sau ɗaya a buɗe ƙofar filin jirgin nan, wanda ya fito ya zama nasa.

Allah ya amsa. 'Yarsa Tahira da ke aure Yamai ta haihu, mijin ya sayo mata tikitin jirgi ta kawo jinjirin a gani. Idirisa ya wanke moto sau biyu, ya sanar da duk 'yan kabu-kabun filin, musamman Jibo, abokin gardamarsa.

Ranar tafiyar, da hantsi, Tahira ta kira shi: "Baba, mun shiga jirgi." Sai malamin ya buga lissafi. Mai jego ba ta sauka babu kaza, kajin kirki kuwa suna Jiratawa wurin amininsa Maman Lawali. Minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, ga rara har talatin.

Lissafin bai da aibu, gaisuwa kawai aka manta. Ya tarar Maman Lawali ya yi rashin ƙane, ana zaman makoki. Wa zai shiga gidan rasuwa ya ce a kamo masa kaza? Ya zauna aka yi fatiha. Aka kawo fura, ƙin sha raini ne. Wani dattijo ya tambayi mutanen Sabon Gari gida-gida, har da waɗanda suka daɗe a kabari. Shi kuwa jirgi bai tsaya gaida kowa ba.

Idirisa ya iso fili da kaji biyu rataye a moto, ya sami mai shara kaɗai. Sai ga Jibo ya dawo, yana goge zufa.

"Na kai ta gida. Ta daɗe tsaye nan inda kake aje moto, jinjiri na kuka, tana cewa babanta na nan tahe. Ni na ce ta hau, rana ta yi ma yaron yawa."

Na so in yi wa Idirisa dariya da yamma, wallahi na shirya. Da na gan shi riƙe da jikan ya kasa ɗaga ido ya dubi Tahira, sai tausayi ya hana ni.

Har yau yana bakin filin. Jiya wani baƙo ya tambaye shi minti nawa ne zuwa Yamai. Ya tada moto ya ce, "Tambayi Jibo."